Yadda ake sa cire maimaici ya yi aiki iri ɗaya a kan Btrfs, XFS da ZFS

Duk mai kula da saba (kwamfutar da ke ajiye wa mutane bayanai) fiye da ɗaya ya san wannan ciwon kai. Fayiloli iri ɗaya sun cika diski: bidiyon da aka kwafa sau huɗu a folda huɗu, ajiyar jiya da ta yau waɗanda kusan babu abin da ya raba su. Ka kunna manhajar cire maimaici, mai haɗe bayanai iri ɗaya su ci wuri ɗaya, a saba ta farko, wuri ya buɗe. Ka kai manhajar nan da umarnin nan saba ta biyu, ta ce ta gama, amma ka duba `df`, mai nuna wurin da ya rage a diski, ka ga lissafin bai motsa ba. Ta uku kuwa ko farawa ta ƙi yi. Manhajar lafiyarta ƙalau. Tsarin fayil ɗin da ke ƙarƙashinta, wato Btrfs ko XFS ko ZFS, shi ne ya bambanta, kowanne da mudun da yake awo da shi, kamar yadda mudun wannan kasuwa ba ya zama daidai da na waccan. Aikinka shi ne ka san girman kowane mudu kafin ka zuba bayanan mutane a ciki.

Da farko, ka san wane irin cire maimaici kake nufi

Abubuwa uku ake kira da wannan suna, kuma rikici da yawa daga cakuɗa su yake tasowa.

Akwai haɗin suna, wato abin da umarnin `ln` ke yi: sunaye biyu, fayil ɗaya. Ka gyara ta wannan suna, ɗayan ma ya canza. Akwai rabon bulo, wanda ake kira reflink: fayiloli biyu ne daban, kowanne da mai shi da izininsa da kwanan watansa, amma suna nuna bulo ɗaya, wato yankin da ake ajiye bayani, a kan diski. Ranar da aka rubuta wani abu cikin ɗaya, sai tsarin ya ware masa sabon bulo, ɗayan ya zauna yadda yake. Sannan akwai irin na ZFS, wanda ke tare maimaici tun a bakin ƙofa, lokacin da ake rubuta bayanin.

Na biyun shi ne wanda za mu fi daɗewa a kansa. Btrfs ne ya fara kawo kiran cire maimaici ta wannan hanya a Linux 3.12 a 2013, da hannun Mark Fasheh. A 2016, cikin Linux 4.5, aka ɗauko shi daga Btrfs aka mai da shi kira na kowa da kowa mai suna FIDEDUPERANGE. XFS ya shigo a 4.9, OCFS2 ya biyo baya a 4.10. Kyawun wannan kira shi ne manhaja ba ta da ikon yanke hukunci da kanta. Iyakarta ta ce wa kenel, wato zuciyar Linux, "ina zaton nan da nan iri ɗaya ne." Kenel zai kulle wuraren biyu, ya gwada su bayit bayan bayit, sai sun dace sannan ya haɗe su. Manhajoji irin su duperemove da jdupes duk ta wannan ƙofa suke bi idan aka sa su raba bulo. Ita kuwa bees ta Btrfs ce kaɗai, kada ka sa ta cikin lissafin XFS.

Rubuta alkawarin da kake so kowane diski ya cika

Kafin ka taɓa kowane umarni, ɗauki takarda. Mutane na tsallake wannan mataki, alhali shi ne ke ba sauran ma'ana, domin ba za ka ce dukkansu sun yi aiki iri ɗaya ba in ba ka faɗi wane aiki ba. Nawa alkawarin gajere ne. Abin da ke cikin fayil ba zai canza ba ko da bayit ɗaya. Lokacin gyara na ƙarshe, da mai fayil, da izini, za su zauna yadda suke. Rubutu cikin ɗaya ba zai taɓa ɗayan ba. Inda ba a iya haɗewa ba, za a tsallake kuma a rubuta dalili. Sannan wurin da aka ce an samu, za a iya ganinsa a kan diskin kansa.

Na ukun nan shi ya sa nake ƙin duk rubutun da ke komawa haɗin suna a ɓoye idan reflink ya ƙi. Za ka ga an yi shi da kyakkyawar niyya, don kada diskin ext4, wanda ba ya raba bulo, ya tashi a tutar babu. Amma sakamakon shi ne wata rana ma'aikaci zai gyara kwafinsa, na abokin aikinsa ya canza ba da saninsa ba. Gara wurin ya ƙi samuwa.

Gina wurin gwaji

Ba ka bukatar sabon diski. Fayil uku sun isa, kowanne ka mai da shi ƙaramin diski:

`truncate -s 2G btrfs.img xfs.img ext4.img`
`mkfs.btrfs btrfs.img`
`mkfs.xfs -m reflink=1 xfs.img`
`mkfs.ext4 ext4.img`

Ka buɗe folda uku, ka ɗora kowanne da `mount -o loop`. Na ext4 ɗin da gangan muka sa shi, saboda ba ya raba bulo ko kaɗan, kuma kana so ka ga yadda manhajarka za ta yi idan aka ce mata a'a.

Sannan ka koma sabobinka na gaske ka tattaro abu uku daga kowacce: lambar kenel da `uname -r`, girman bulo da `stat -f`, in kuma XFS ce ka duba `xfs_info` ko akwai `reflink=1`. Tun daga xfsprogs (kayan aikin XFS) 5.1 na 2019 ake kunna shi kai tsaye, amma diskin da aka tsara kafin nan zai iya nuna `reflink=0`, kuma sabunta kenel ba ya canza wannan. Sau da yawa nan ne amsar sabar da ta ƙi farawa take. Yi ƙoƙari injin gwajinka ya kasance da kenel irin na sabobin. In sun bambanta, ka maimaita gwajin a kan mafi tsufa da mafi sabo.

Gwaje-gwajen da za ka yi da hannu

A cikin kowace folda ka ƙirƙiri fayil na megabayit ɗaya da kwafinsa na gaske:

`head -c 1048576 /dev/urandom > a`
`cp --reflink=never a b`
`sync`

Kada ka manta da `--reflink=never`. Tun daga coreutils (kundin da `cp` ke ciki) 9.0 na 2021, `cp` da kansa yake raba bulo idan ya samu dama, sai ka zo kana murna gwaji ya ci, ashe tun farko a haɗe suke. Yanzu ka nemi haɗewa da xfs_io, wanda duk da sunansa yana aiki a kan Btrfs ma:

`xfs_io -c "dedupe a 0 0 1048576" b`
`filefrag -v a b`

Abin da filefrag ya nuna shi ne shaidarka. Za ka ga jeri mai ginshiƙai, ɗaya na wurin da bayanin yake cikin fayil, ɗaya na wurin da yake kwance a diski. Kafin haɗewa lambobin diski na `a` da na `b` daban suke. Bayan haɗewa sai su zama lamba ɗaya, kuma a ƙarshen layin kalmar `shared` ta bayyana. In ba ka ga waɗannan biyun ba, ba a haɗe komai ba, ko me manhaja ta rubuta maka. A kan ext4 za ka samu kuskuren EOPNOTSUPP, wato "ba a iya wannan aiki a nan", kuma haka ya kamata.

Gwaji na biyu, ka ɓata bayit ɗaya a tsakiyar sabon kwafi da `dd` da zaɓin `conv=notrunc`, ka tabbatar da `cmp` cewa sun bambanta, ka sake neman haɗewa. Kenel zai ƙi dukan yankin da ka nema saboda wannan bayit guda. Darasin da ke nan na girman yanka ne. Manhajar da ke neman manyan yankuna tana da sauri amma tana asarar duk wanda ke da ɗan bambanci, mai ƙananan yankuna tana kama da yawa amma tana farfasa fayil gutsi-gutsi har karatu ya yi nauyi. Ka zaɓi girma ɗaya ka rubuta shi a umarnin da kansa, misali da `-b` a duperemove, kada ka bar kowace saba ta bi abin da sigar manhajarta ta zo da shi.

Gwaji na uku shi ne wanda ya fi cancantar lokacinka: wutsiyar fayil. Yawancin fayiloli ba sa ƙarewa daidai bakin bulo. Ɗauki mai bayit 1048676, wato megabayit ɗaya da rarar 100. In bulo mai bayit 4096 ne, bulonsa na ƙarshe bayit 100 ne na bayani, sauran 3996 fanko. In ka haɗe shi da kwafi mai tsawo ɗaya, babu matsala, wutsiya ta faɗa kan wutsiya. Amma ka ƙirƙiri fayil na uku wanda ya fara da waɗannan bayit 1048676 sannan ya ci gaba da wani bayani, ka nemi a haɗe. Kenel zai gwada bayit ɗin da ka nema ya ga sun dace. Sai dai rabo bulo-bulo ake yi, kuma in aka ɗora wancan bulo mai fanko a tsakiyar dogon fayil, bayanin da ke bin bayan bayit na 100 ya tafi ke nan. Wannan ba zato ba ne. An gano shi a 2018 yana lalata bayanai, Dave Chinner ya gyara na XFS, Darrick Wong kuma ya tattara dokokin binciken wuri ɗaya a Linux 4.20 don kowane tsarin fayil ya bi ƙa'ida guda: a rage tsawon da aka nema zuwa bakin bulo, a bar wutsiyar. Saboda haka bayan wannan gwaji ka yi `sha256sum` na dogon fayil ka gwada da na farko, sannan filefrag ya nuna maka megabayit ɗin farko a haɗe, wutsiya a ware. Sabar da ke kan kenel ɗin da ya girmi wannan gyara, ban yarda a kunna mata cire maimaici ba sai an sabunta ta.

Wannan ragi yana da nasa tarkon. Kiran yana dawo da lamba mai suna `bytes_deduped`, kuma ba kullum take faɗin abin da aka haɗe na gaske ba. Takan maimaita tsawon da ka nema ko da an rage shi. A 2022 an shigar da gyaran da zai sa ta faɗi ainihin adadi, aka janye shi cikin 'yan kwanaki saboda ya saɓa wa halin da gwaje-gwaje da manhajoji suka riga suka saba da shi. Don haka rahoton da manhaja ke bugawa a ƙarshe, ka ɗauke shi a matsayin kiyasi. Gani ya kori ji.

Sauran gwaje-gwajen ba sa cin lokaci. Nemi haɗewa daga wurin da bai faɗa bakin bulo ba, kamar bayit na 100, ka ga kuskuren EINVAL, wato buƙatar ba ta dace ba. Duba `stat` kafin da bayan haɗewa, lokacin gyara bai kamata ya motsa ba. Rubuta wani abu cikin `b` bayan an haɗe, ka tabbatar `a` bai canza ba. Sai ƙananan fayiloli: Btrfs kan cusa fayil da bai wuce bayit 2048 ba cikin bayanan tsarinsa, ba ya ba shi bulo, filefrag zai nuna `inline`, XFS kuwa zai ba shi cikakken bulo. Hanya mafi sauƙi ta daidaita su ita ce ka hana manhaja taɓa duk fayil da bai kai girman bulo ba a kowace saba. Ni nakan ɗaga iyakar sama da haka ma, domin ribar ƙananan fayiloli ba ta kai wahalar bincikensu ba.

Iyakoki da ƙin amincewa

In kai ne ke rubuta manhajar, ka riƙe abu biyu. Kada ka nemi fiye da megabayit 16 a kira ɗaya, domin shi ne iyakar da Btrfs ya daɗe a kai, kuma wanda ya tsaya a nan ba zai sha mamaki a tsohon kenel ko sabo ba. Sannan dukan buƙatar sai ta shiga shafin mamori ɗaya: kan buƙata bayit 24, kowane fayil da kake son haɗewa bayit 32, a shafi mai 4096 ka samu fayil 127 iyaka.

Kowane fayil cikin buƙatar da tasa amsar: sifili in an haɗe, 1 in sun bambanta, lamba mai ragi in kuskure ne. Kiran kansa zai iya cewa ya yi nasara alhali rabin fayilolin an ƙi su, don haka ka karanta amsar kowanne. Ka kasa ƙin amincewa gida uku, kuma kowace saba ta bi wannan kaso. EOPNOTSUPP na nufin diskin gaba ɗaya ba ya iyawa, sai a tsaya a faɗa da babbar murya. Wasu na fayil ɗaya ne, a tsallake a rubuta: ETXTBSY ga fayil ɗin swap, EPERM ga wanda aka kulle da `chattr +i`, EINVAL a Btrfs idan ɗaya yana da alamar `chattr +C` ɗayan ba shi da ita. Wannan na ƙarshen yakan faɗa wa fayilolin rumbun bayanai da na kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda su ne manya, su ne kuma kake sa ran riba daga gare su. XFS ba shi da wannan shinge, shi ya sa bayanai iri ɗaya kan ba da riba daban a sabobin biyu. Kashi na uku na jira ne: EAGAIN da Btrfs ke bayarwa lokacin da `btrfs send` ke aiki a kan wurin, da amsar 1 idan fayil ya canza tsakanin bincike da haɗewa. Waɗannan a sake gwadawa a zagaye na gaba.

EXDEV, kuskuren haɗewa tsakanin wurin ɗora diski biyu, yana bukatar kulawa ta daban. Tsakanin diski biyu mabambanta ba a taɓa haɗewa, wannan doka ce ta dindindin. Amma diski ɗaya da aka ɗora a wuri biyu, kamar sassan Btrfs guda biyu, kenel kafin 5.18 yana ƙi, daga 5.18 na 2022 yana yarda. In sabobinka sun ratsa wannan layi, ka ɗora tushen diskin a wuri ɗaya ka yi aikin daga can, sai duk su zo daidai. Haka batun izini: kafin gyaran ƙarshen 2018, wanda ba root ba sai ya buɗe fayil da izinin rubutu, daga baya aka yarda mai fayil ya haɗe nasa ko a buɗe yake don karatu kawai. Ka tsayar da mai amfani ɗaya da zai riƙa gudanar da aikin a ko'ina.

ZFS a gefe guda yake

Kada ka yi ƙoƙarin tilasta wa ZFS bin wannan hanya. Nasa tsarin da `zfs set dedup=on` ake kunna shi, kuma abin da aka rubuta bayan kunnawa kaɗai yake shafa. Tsofaffin fayiloli suna nan da maimaicinsu sai an sake rubuta su, kuma in ka kashe shi, abin da aka riga aka haɗe yana nan a haɗe. Yana gane maimaici ta tambarin lissafi na kowane bulo, yana ajiye tambarin a wani babban teburi. In kana so ya riƙa gwada bayit da bayit kamar yadda kenel ke yi wa Btrfs da XFS, ka sa `dedup=verify`. Wannan ne ke kawo shi kusa da alkawarinka na farko.

Teburin nan shi ne tsadar abin. Ana kiyasta kowane bulo da kusan bayit 320 na mamori. Terabayit ɗaya a bulo mai kilobayit 128 ya kai bulo 8,388,608, wato wajen gigabayit 2.5 na RAM. In ƙananan bulo ne, lissafin ya ninka sau da yawa. Don haka kafin ka kunna, ka gudanar da `zdb -S` da sunan rumbun, zai auna maka ribar ba tare da ya taɓa komai ba. In bai kai ninki biyu ba, ni shawarata ka bar shi, ka kunna matse bayanai kawai. OpenZFS 2.3 na farkon 2025 ya rage nauyin teburin, amma awon nan bai daina zama dole ba. Ka kuma daidaita `recordsize` da irin matsewa a duk sassan rumbun, domin fayil ɗaya da aka yanka da girma daban, ko aka matse da hanya daban, ZFS ba zai gane shi ɗaya ne ba.

Rabon bulo irin na `cp --reflink` ya zo wa OpenZFS a 2.2 cikin 2023, amma wannan kwafi ne, ba ya nufin duperemove zai yi maka aiki a can. Ka gwada da xfs_io kamar sauran, ka rubuta amsar da ka samu.

Auna riba da ma'auni ɗaya

`du` yana ƙirga bulon tarayya sau biyu, ba zai nuna maka komai ba. Ma'aunin da ke aiki a ko'ina shi ne wurin da ya rage a diski kafin da bayan aiki: `df` bayan `sync`, ga ZFS kuma `zpool list`. A Btrfs ka ɗan jira, domin sakin wuri yakan biyo baya, kuma in akwai tsohon hoton ajiya, wato snapshot, da ke riƙe da bulon da aka saki, wurin ba zai dawo ba sai an goge hoton. `btrfs filesystem du` zai raba maka abin da fayil ya mallaka shi kaɗai da wanda yake tarayya. Kason wuri na masu amfani ma ya bambanta: XFS yana cajin kowane mai fayil cikakken girmansa ko da bulon na tarayya ne, don haka kada ka yi wa ma'aikata alkawarin kasonsu zai ragu.

Ka bar sarari a diski. Fayil ɗin da ke tarayya, ko gyara kawai za a yi a cikinsa ba ƙari ba, sai an samo masa sabon bulo. Diskin da ya cika maƙil bayan cire maimaici zai iya ƙin karɓar gyaran layi ɗaya.

Sannan ka san abin da ke warware aikinka. `btrfs filesystem defragment` yana raba abin da aka haɗe, wuri ya koma ya cika. `rsync` da `tar` ba su san rabon bulo ba, suna kwashe kowane fayil da cikakken girmansa. Terabayit uku da ka matse cikin diski mai biyu, ranar ƙaura ko ranar dawo da ajiya uku za su nema. Ka auna diskin ajiyarka da girman asali.

Mai da gwajin ya zama na kullum

Gwaje-gwajen da ka yi da hannu, ka zuba su cikin rubutun umarni ɗaya wanda ke karɓar sunan folda, ya buga sakamako layi-layi, ba tare da lambobin diski ko kwanan wata ba. Ka gudanar da shi a kan kowane tsarin fayil, ka gwada sakamakon da `diff`. Duk bambancin da ya fito, ko dai ka gyara shi da saiti, ko ka rubuta shi a takardar alkawari a matsayin sanannen bambanci tare da dalilinsa.

In kana son zurfi fiye da haka, masu gina kenel suna da nasu kundin gwaji, fstests, wanda aka fi sani da xfstests. Ka cika `local.config` da TEST_DEV, TEST_DIR, SCRATCH_DEV da SCRATCH_MNT, ka gudanar da `./check -g dedupe`. Ka kula sosai, duk abin da ke kan SCRATCH_DEV gogewa ake yi, don haka ka ba shi diskin gwaji ta `losetup`, kada ka kuskura ka nuna masa na aiki. Gwajin da ya faɗi zai bar maka fayil mai ƙarewa da `.out.bad` cikin foldar `results`, wanda ke nuna abin da aka samu saɓanin abin da ake tsammani.

Ka sake gudanar da naka rubutun duk lokacin da za ka sabunta kenel, ko coreutils, ko manhajar cire maimaicin, tun a injin gwaji. Sai sakamakon ya dace da na baya sannan sabuntawar ta wuce zuwa saba ta farko, ka zaɓi wadda ajiyarta ta fi sabunta, sauran su biyo bayan ka duba ta da filefrag da `df`.